Ni Ne a Cikin Rumbun

Ɗan ƙanen ubana ya sa na fito a matsayin boka a talabijin, shi ya fito a matsayin waliyyi, kuma har yau bai buɗe baki ya gaya wa mutane cewa hannu ɗaya ne ya yi aikin biyun ba. Saboda wannan shirun nasa aka karɓe mini lasifikar masallacin unguwarmu a Jega, wadda na yi shekara da shekaru ina kiran salla da ita. Abin da aka yi mini ke nan. Na faɗe shi tun a farko don kada wani ya karanta rabi ya ce bai gane inda na dosa ba.

Na girme shi. Gida ɗaya muka tashi, akushi ɗaya muka ci. Ban gama firamare ba ubana ya cire ni ya kai ni fadama, ya ce albasa ba ta jiran a tashi daga makaranta. Shi kuwa nasa uban ya bar shi ya yi ta karatu, boko da Arabiyya, har ya dawo da tabarau da wata irin magana a hankali. Ya bar irin harshenmu na nan, ya koma Hausar rediyo. In mun gaisa, tafin hannunsa laushi kamar na mai jego, nawa kamar ɓawon itace. Tun muna samari, in an shigo gidanmu shi ake fara tambaya. Ni sai a ce, "Ina wancan kuma, yana gona?"

Abu biyu nake da su da ba shi da su. Na farko murya. Wannan ko maƙiyina bai musa ba. In na ɗaga kiran asuba, masu kamun kifi a bakin gulbi suna ji. Na biyu dabo. Ina saurayi akwai wani mai dabo da yakan zo kasuwar Jega, jama'a suna kallon bakinsa, ni ina kallon hannunsa, har na gane yadda abin yake. Babu aljani a ciki, babu rauhani. Sauri ne da sanin inda idon mutum yake. Nakan yi wa abokai a wurin biki, in ciro ƙwai daga hular ango, a yi dariya a watse. Da na yi aure aka ba ni ladanci, na bar shi.

Wata rana ina Aliero, a bakin rudu, rumfar karan da muke adana albasa, ina tsince waɗanda suka fara ruɓewa, sai ga ɗan'uwan nawa a kan mashin da farar riga.

"Yaya, sannu da aiki."

"Sannu Malam. Mi yak kawo hwarar riga cikin ruɓaɓɓar albasa?"

"Aikin Allah ne ya kawo ni."

"To aikin Allah shi nemi wurin zama, ga buhu nan."

Bai zauna ba. A tsaye ya yi mini bayani. Ya ce shi da wasu masu shirya wasan kwaikwayo daga Birnin Kebbi za su yi wasa da za a nuna a talabijin da azumi. Shi ya rubuta. Manufarsa a nuna wa jama'a bambancin sihiri da abin da yake daga Allah. Ya ce mu'ujiza ta annabawa ce, an rufe ƙofarta. Karama kuwa Allah yakan ba bayinsa nagari, ba su nema ba, ba su sayar da ita. Shi sihiri ƙarya ce, ana rufe ido ne a nuna wa mutum abin da babu, kuma ba ya daɗewa. Ya yi ta jero wannan yana nuna ni da yatsa kamar ɗalibinsa.

Na ce, "Duk na ji. Ni ina nawa ciki?"

"Muna neman wanda zai fito a boka. 'Yan wasan da muke da su ba su iya komai da hannu ba. Na tuna da kai."

"Kai kau wa za ka hito?"

Ya gyara tabarau. "Sun matsa mini in fito a malamin."

Sun matsa masa. Shi ya rubuta, shi ya raba, amma sun matsa masa.

Na yarda. Ba zan yi ƙarya ba, ina son a gan ni. Shekara nawa ana jin muryata daga cikin ƙarfe a saman masallaci, ba wanda ya taɓa ɗaga kai don ni. Na ce ko sau ɗaya a ga fuskata kusa da tasa, a ga wanda ya fi iyawa.

A Giwa Tazo aka yi ɗaukar. Labarin wasan bai da wuya. Wai yunwa ta shiga ƙauye, boka ya zo ya ce zai mai da yashi gero, ya karɓi awakin mutane. Daga baya malami ya zo bai karɓi komai ba, ya yi addu'a a kan rumbun da babu ko ƙwaya, gero ya yi ta zuba. Mutanen ƙauyen su ne aka sa su zama jama'ar cikin wasan.

Nawa ɓangaren ni na tsara shi. Na samu faifai na shafa masa ƙaro na manna gero a kai, na ɓoye shi a cikin murfin ƙwarya. A gaban kowa na cika ƙwarya da yashi, na rufe, na buɗe, sai ga gero fal. Aka sa mini jar riga da layu da ƙahoni, aka shafa mini gawayi a ido. Mai ba da umarni, wani dogo mai hular hana-salla, ya ce in yi surkulle. Ban san surkulle ba. Na buɗe baki na yi ta zuba abin da ya zo, da wannan muryar tawa. Na ƙara da abin da ba a sa ni ba: na zaro allurai a jere daga bakina, na ciro ƙwai daga hular wani tsoho. Tsohon ya jefar da hular ya yi baya yana a'uziyya. Masu na'ura suka yi tafi. Dogon ya rungume ni ya ce bai taɓa samun boka irina ba. Ran nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na waiga na ga Malam yana kallon ƙasa, na ƙara jin daɗi.

Sai aka zo kan karama, aka tarar ba wanda ya san yadda za a yi ta. Sun rubuta "gero ya zuba" a takarda, amma ba su yi tunanin ta ina zai zuba ba. Suka taru suna kallon rumbun. Malam ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Yaya, ko kana da dabara?"

Ina da ita mana. Na ce a huda rumbun daga ƙasa a toshe da laka mai taushi, mutum ya shiga ciki da buhuna, in an ɓalle lakar ya riƙa turo geron. Aka kawo geron kasuwa, dogon ya duba ya ce wannan bai da kyan gani, ƙanana ne, ga tsakuwa. Yana son gero mai manyan ƙwayoyi, mai haske. Malam ya ce, "Ai Yaya yana da irin Baba."

Wannan irin, ubana ne ya yi rayuwarsa yana zaɓensa. Kowace kaka, kafin a girbe, yakan bi gona ya yanke zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure daban, ya rataye inda hayaƙi ke bugu. Ni ma haka na ci gaba da yi a gonarmu ta hanyar Gehuru. Bai bar mini karatu ba, bai bar mini shago ba, wannan ya bar mini. Na ce ban bayarwa. Malam ya ce za a shimfiɗa tabarmi, ana gamawa a tattara a mayar mini, ƙwaya ba za ta ɓata ba. Na koma gida na sa aka sussuka rabin abin da na aje, na kawo.

Dogon ya ce yana son mamakin mutane ya zama na gaske, saboda haka kada su san komai. Kafin azahar aka kira su, dattawa suka hau tsani suka leƙa rumbun, suka ga babu komai sai saƙar gizo. Aka ce kowa ya tafi salla, Malam zai ja. Duk ƙauyen suka bi shi. Ni, ladan, da ban taɓa rasa jam'i ba sai da ciwo, aka bar ni a baya da masu na'ura biyu muna jefa buhuna cikin rumbu. Na shiga, aka rufe ni.

Wanda bai taɓa zama cikin rumbun laka da tsakar rana ba, ba zai gane ba. Duhu, zafi, ƙaiƙayi yana shiga ido da wuya. Jar rigar tana jikina, layun suna manne da zufa. A nan na yi azahar ɗina a zaune, da taimama a jikin bango. Sannan na ji sun dawo. Na ji muryarsa a waje, siririya, yana karanta ayoyi, yana roƙo, har yana shessheƙa. Aka ɓalle lakar, haske ya shigo ta ƙafata. Na fara turawa da hannu biyu.

Ihun da na ji daga waje ban taɓa jin irinsa ba. Kabbara, kukan mata, gudu. Ina ta turawa ina tari a cikin hannun riga don kada a ji. Da aka gama, aka jira sai da wurin ya rage sannan aka fito da ni ta baya. Na zagayo na tarar da tabarmi fes. Sun kwashe. Da huluna, da bakin zane, da aljihu. Wata tsohuwa tana durƙushe tana tsintar na cikin ƙasa ƙwaya-ƙwaya.

Na ce, "Malam, ina gerona?"

Ya ce, "Yaya, ka ga yadda abin ya kasance. Wa zai iya karɓewa daga hannunsu? Ka bar wa Allah, sadaka ce."

Ya yi sadaka da abin da ba nasa ba, kuma shi aka yi wa godiya.

Da azumi aka nuna wasan, bayan shan ruwa. Mun kalla a ƙofar mai shayin unguwarmu, an tayar da janareto. Da na fito aka yi ta dariya ana bubbuga kafaɗata. Da shi ya fito wurin ya yi tsit. Sun haska fuskarsa, hawaye na bin gemu, gerona yana zuba a kan ƙafafunsa kamar ruwa. A ƙarshe ya fuskanci masu kallo ya yi wa'azin nan nasa na bambancin sihiri da karama. Sannan abin ya shiga wayoyi, ya tafi inda talabijin ba ta kai ba.

Kada a ɗauka mutanenmu wawaye ne. Da yawa sun san wasa ne. Amma ga yadda suka auna shi. Suka ce ko da wasa ne, ayoyin da Malam ya karanta na gaske ne, hawayensa na gaske ne, to albarkar da ta sauka a kan geron ma ta gaske ce. Da wannan ma'aunin suka juyo kaina. Suka ce to shi kuma wancan, surkullen da ya yi fa? A ina ya koya? Allurar nan a gabanmu ya zaro ta, ba na'ura ba ce. Wani daga Giwa Tazo ya zo cin kasuwa Jega ya ƙara da cewa, "Kuma ran nan ko salla bai yi da mu ba. Munka duba sahu, babu shi."

A nan wurinmu, in an samu hatsin da aka yi wa addu'a, ba a ci. Ana garwaya shi da iri a shuka. Haka suka yi. Damina ta yi kyau, kuma irin ubana bai taɓa ba mutum kunya ba. Zangarniya ta fito kamar hannun ƙato. Kafin a gama girbi an raɗa masa suna: geron Malam. Daga Maiyama har Kuberi ana aiko wa juna da shi a ƙullin leda.

Wata rana ina neman allura a cikin kwallar matata na ci karo da wani ɗan ƙulli. Na kwance, gero.

"Wanga hwa?"

Ta ce, "Aje min abina. Geron Malam na, ƙawata tab ba ni."

"Ke! Ga shi can rataye bisa murhunki shekara nawa, ke ka share mai toka!"

"Wancan naka na. Wanga an yi mai addu'a."

Na mayar mata da ƙullin cikin kwallar. Ita ce kuma nakan tarar tana maimaita wurin kukan nan nasa a waya, tana cewa, "Allah sarki, bawan Allah." Ni in an zo wurina sai ta tura gaba, wai ba ta son ganina da gawayi a ido.

Shi kuwa sai ɗaukaka. Suna, ɗaurin aure, saukar karatu, ko'ina Malam. Aka naɗa shi na'ibin limamin masallacinmu. Mata suna aiko da ruwa a gora ya tofa. Ban taɓa jin ya ce shi waliyyi ne ba, wannan gaskiya ne. In an faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ne mai yi." Shi ke nan. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, a tsakiya ya gina gidansa.

Ni kuma abokan ciniki a Aliero suka fara kirana Boka. Da fari da wasa. "Boka, mai da muna yashin ga albasa mana!" Nakan yi dariya. Daga baya na lura wasu in na miƙa hannu sai su yi kamar suna gyara hula.

Bayan wata sallar la'asar Liman ya ce in tsaya. Ga dattawan masallaci, ga Malam a gefe yana jan carbi. Liman tsoho ne mai kirki, bai iya kallon idona ba.

Ya ce, "Ladan, mu mun san ka. Amma magana ta yi yawa. Akwai masu cewa ba su amsa kiran da yah hito bakin da yay yi surkulle. Ka ɗan huta, har ƙura ta lahwa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ga wanda yas sa ni nan zaune. A tambaye shi wa ac cikin rumbun."

Duk suka juya gare shi. Ya aje carbin. Sannan ya ce, "Yaya ya taimaka mana ƙwarai a wajen aikin. Amma shawarar dattawa ita ce shawara. Haƙuri ya fi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka ba wani tela lasifikar, mai murya ta hanci. Kullum sau biyar ina jin sa daga gidana, yana yanke numfashi a inda ba a yankewa. Ni da kaina na yi ta gaya wa mutane ni ne a cikin rumbun. Wasu suka ce hassada ce. Wasu suka ce to in haka ne ma, ai ya tabbata shi ke da hannu a komai. Maganar boka ba ta wanke boka. Bakin mutum ɗaya ne zai iya, shi kuwa ya rufe.

Damina biyu suka wuce. Gero in an shuka shi kusa da wani yakan gauraye, in ba a zaɓe shi kowace kaka ba sai ya koma kamar na kowa. Geron Malam ya fara gajarcewa a gonakin mutane. Ni nawa yana nan yadda yake, don rabin da na rage na ci gaba da shukawa ina zaɓe.

Da bazarar bana, hadari ya fara haɗuwa, ina zaure ina gyaran ƙotar kalme, fartanyar noma, na ji sallama. Shi ne, shi kaɗai, ya bar mashin ɗinsa nesa da ƙofata. Ya zauna a kan tabarma ba tare da an ce ya zauna ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi albasa, ya tambayi ciwon bayana. Na bar shi ya gama kewayensa.

"Yaya, mutanen Kuberi da na Gehuru sun dame ni. Kullum suna ƙofar gidana, wai in taimaka musu da iri. Na ce bari in zo wurinka. Ko dami kaɗan ne. Talakawa ne, za ka samu lada."

"Su sun san nan za ka zo?"

Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga.

"Malam, tambaya ni kai. Sun san wurin boka za ka ɗauko musu albarka?"

"Yaya, ka daina wannan magana. In na tashi yanzu na ce ga yadda aka yi, mutane da yawa da suka bar zuwa wurin bokaye saboda wasan nan za su ce ashe duk ɗaya ne. Ka dubi maslaha. Kuma ka yi mini haƙuri, amma abin nan da ke cin ka, hassada ce. Ba ta da kyau ga mai shekarunka."

Na aje kalmen. Na dube shi sosai, da tabaransa da farar rigarsa da ba ta taɓa sanin ƙaiƙayi ba.

Na ce, "Hassada ta, ban musa ba. Ina hassadar rigarka, ina hassadar karatunka, ina hassadar yadda matata ka kallon ka cikin waya. In kwana in tashi da ita. Amma hassadata ba ta taɓa ɗauke ma komi ba, kai kau shirunka ya raba ni da masallaci. Kai kac ce min sihiri shi na a nuna ma mutum abin da babu. Ni na yi nawa rabin yini, da jar riga, kowa na ganin ƙahoni bisa kaina. Kai naka shekara nawa yanzu, kuma cikin mihirabi kaka yin shi. Gero akwai, ga shi can rataye, kuma ina ba ka. Amma ba cikin zauren ga ba, ba a ɓoye bayan mashin ba. Ran Juma'a, in an sallame, ƙohwar masallaci, da kaina za ni ɗauko shi bisa kai. Ka tashi tsaye gaban Liman da mutanen Kuberi ka ce wanga geron uban yayana na, shi ac cikin rumbu, shi yat turo shi, sallar da anka ce bai yi ba ciki yay yi ta. Ka hwaɗe shi da lasihika, sannan ka miƙo min ita in kira la'asar. In ba ka iyawa, tashi ka ba ni wuri, kuma ka gaya ma masu jiran ka su shuka abin da ag gare su, ruwa ya kusa."